Gwangwanin Haƙoran Kawu

Ɗan kawuna ya hana ni wanke gawar ubansa, kuma ya kira ni ɓarawo a gaban mutanen da suka zo jana'iza. Ya ce na sace haƙoran tsohon na kai wa masu bincike. Da wannan zan fara, don kada wani ya karanta ya ce na yi kwana-kwana. Ta'aziyya na zauna rubutawa, amma abin ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban fitar da shi ba sauran ba zai wuce ba.

Kawu, wan mahaifiyata, ya rasu da hantsi a gidansa nan Arlit. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Kowa a unguwa ya san wasiyyarsa, don ba a ɓoye ya yi ta ba. Ko a wurin shan shayi sai ya nuna ni ya ce, "Gurguna ne zai wanke ni." Ni ne gurgun. To, na naɗe hannun riga, na ɗauko buta da sabulu, sai ga ɗan nasa ya fito daga ɗaki. Ma'aikacin gwamnati ne a Yamai, ya iso ana gobe za a yi rasuwar, lokacin tsohon ya riga ya daina magana. Yana riƙe da wani gwangwanin shayi a buɗe, babu komai ciki sai farin ƙyalle.

A gwangwanin nan Kawu yake tara haƙoransa. Duk wanda ya fita sai ya wanke shi ya naɗe ya ajiye. Shekarun baya ya gaya wa ɗan nasa a saka masa su a kabari, wai yana so ya tashi cikakke.

"Ina suke?" in ji shi.

Na ce, "Suna wajen wata likita mai bincike. Shi ya ba ta da hannunsa."

"Shi ya ba ta? Mutumin da ya ce mini in binne shi da su? Ajiye butar nan. Ɓarawo ba zai taɓa ubana ba."

Taubashina ne, tun muna yara yake ce mini bawansa, ni kuma in ce masa ragon birni. Wallahi da farko na ɗauka wasan ne ya kawo inda bai dace ba. Sai na ga babu wasa a fuskarsa.

Liman ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, gawa na jira." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Aka karɓi butar daga hannuna. Wani maƙwabci da bai taɓa ɗauke wa Kawu ko fo na fitsari ba shi ya shiga tare da ɗan. Ni ina tsaye a tsakar gida ina jin ƙarar ruwan.

A wurin zaman makoki na ga mutane iri-iri. Tsofaffin ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai sun jeru a tabarma, wannan ya ja wando ya nuna ƙwauri, wancan ya miƙa wuyan hannu, kowa na cewa nan Malam ya ɗora ni. Mahaucin da Kawu ke sayen ƙashi wurinsa ya yi kuka kamar uwarsa ce ta mutu. Wani Buzu, abokinsa na shayi, ya taho tun daga wajen Anu Araren, ya zauna, can ya ce, "Har raƙumina ya ɗora. Raƙumin ya tsufa ya mutu, ƙafar ba ta taɓa gardama ba." Duk waɗannan na yarda da kukansu. Amma cikin su ɗin ne wani ya ce, da ƙarfin da zan ji, "Ni dama na sha ganinsa da likitar nan a bayan moto." Masu gaisuwa suka riƙa tsallake ni suna miƙa wa ɗan hannu. Wanda ya ji kunya ya ba ni kan yatsu.

Kabu-kabu nake yi da moto, wato babur. Tun ranar, matan unguwa da ke kirana in kai su kasuwa sun koma kiran wani. Ni ma na kasa zama wuri ɗaya. In na tsaya a bakin kasuwa sai in ji kamar ana kallon aljihuna, sai in tada moto in tafi Akokan, garin da ke gefenmu, babu fasinja, in juyo, in sake komawa. Shi ya sa na ce bari in rubuta ko wane ne mutumin, tun kafin labarin gwangwani ya cinye sunansa da nawa.

Daga ƙasar Damagaram ya zo, lokacin garin nan bai wuce bukkoki da motocin kamfani ba. Ɗori gadonsa ne, a wurin ubansa ya koya. Ya yi aikin rami har ƙarfinsa ya ƙare, amma in ya sauko daga motar ma'aikata da yamma, ƙofar gidansa cike take da masu karaya da targaɗe. Nan ba a noma, babu karan dawa, shi kuwa bai yarda a ɗaure karaya da katako ba. Direbobin manyan motoci ke ɗauko masa damin kara daga kudu, a kan buhunan albasa. In sun kawo sai ya shinshina ya ce, "Wannan na Tawa ne, ya sha rana." Ko ƙarya yake ko gaskiya, ba wanda ya taɓa kama shi.

Yana da wata ɗabi'a mai ban haushi. In ka ba shi hannu ba ya saki. Sai ya bi da babban yatsa har gwiwar hannu yana latsawa, kana gaishe shi yana sauraron ƙashinka. Ya taɓa yi wa wani babban mutum haka a wurin ɗaurin aure, ya ce masa, "Ka faɗo daga jaki kana yaro." Mutumin ya fizge hannu ya ce shi bai taɓa hawa jaki ba. Kawu ya ce, "To, jakin ne ya hau ka."

Wasu maɗora kan karya ƙafar kaza su ɗaure tare da ta majinyaci, wai in kaza ta taka shi ma zai taka. Kawu bai taɓa yi ba. "Me kaza ta yi? Ita ta ce ka hau moto babu birki?" Abin da yake yi shi ne sayen ƙashin akuya da na raƙumi a wurin mahauci, ya fasa da guduma, ya zauna yana leƙen ciki. Inna, matarsa, ta gaji da shi. Ta ce gidan kowa ana sayen ƙashi don miya, nata gidan don kallo.

Yanzu zancen ƙafata. Ina saurayi na faɗo daga bayan babbar mota, cinya ta karye. Lakwal, wato makarantar boko, na riga na bari tun ƙaramin aji, don Kawu ba zai iya ɗaukar karatun mu biyu ba, kuma ɗan cikinsa ya zaɓa. Ban ce ya yi laifi ba, na dai faɗa. Abin da ya rage mini shi ne aikin kamfani, an ma sa sunana. Mahaifiyata ta ce a kai ni asibiti, Kawu ya ce ana raina masa gado. Ya ja, ya ɗaure, ya yi tofi, ya shafa man shanu. Na warke, amma ƙafar ta fito gajera. Ranar da likitan kamfani ya ce in yi tafiya ya gani, ban kai bango ba ya ce in je gida. Aikin ke nan har yau.

Na yi shekaru ba na shiga gidansa. In mun haɗu a masallaci in canza sahu. Da na fara samun na kaina, na je aka ɗauki hoton ƙashin, wanda muke ce wa radiyo, ba don magani ba, don in samu abin jifansa. Na same shi cikin mutane na wurga masa a cinya. Na ce, "Ga aikinka."

Ya ɗaga hoton ya saita da rana. Kan ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, sun manne a haka, da wani ƙullutu a kewaye. Ya daɗe yana kallo har shayinsa ya huce.

"Ni na yi wannan?"

"Kai ka yi."

"Ban kyauta ba," in ji shi. Sai kuma ya kira na kusa da shi. "Kai, zo ka ga ikon Allah. Na haɗa a karkace, shi kuma ya bi ya yi gininsa a haka. Bai tsaya jirana ba."

Na zo da faɗa cike da baki, na rasa inda zan sa shi. Mutum ya ce bai kyauta ba a gaban jama'a, me ya rage? Ya roƙe ni hoton, ya kafa shi da ƙusa a zaurensa. Daga ranar, in aka kawo karayar cinya ko ta ƙugu, ba ya taɓawa sai an je an yi radiyo. In mai karayar ya yi gardama, sai ya nuna bango ya ce, "Ka ga wancan? Ɗan ƙanwata ne. Kai da ba komai nawa ba, me kake tsammani?" Sauran maɗora suka ce ya zubar da gado. Bai kula ba. Tun daga nan ya fara ce mini Gurguna, kuma duk garin nan shi kaɗai na yarje wa. Da matata ta rasu ta bar mini 'ya'ya, gidansa suka koma cin tuwo, bai taɓa bari na ji nauyin abin ba.

Akwai abin da ya dame shi a ƙarshen rayuwarsa. Ya ce ƙashin tsofaffin garin nan ba ya jin ɗori kamar na mutanen gida. Karayar da a ƙauyensu za ta kama kafin a gama girbi, nan sai ta yi ta ja. Wani tsoho zai tashi daga tabarma kawai ƙugu ya tafi. Ga haƙora na zuba, har da nasa. Ya kan shafa haɓarsa ya ce, "Dubi, bakin ma komawa ciki yake. Ina ƙashin ke zuwa?" Ya tambayi malamai suka ce tsufa. Ya tambayi ma'aikatan asibiti suka ce tsufa. Ya ce, "Ubana ma ya tsufa, amma da haƙorinsa yake fasa goro har ya mutu."

Ana nan sai ga wata likitar haƙori, 'yar Maraɗi, ta zo tare da wasu masu bincike daga jami'a. Suna neman haƙoran tsofaffin ma'aikatan rami, waɗanda suka fita da kansu ko aka cire. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce tsafi ne, wasu suka ce kamfani ne ya turo su su ɓatar da shaida, wasu suka ce a'a, maƙiyan kamfani ne. Ta yi kwanaki a ƙarƙashin rumfa babu mai zuwa. Ni nake kai ta masauki a moto. Na ba Kawu labari don mu yi dariya, sai ya ce, "Kawo mini ita."

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya kama hannunta ya bi da yatsa yadda ya saba, ya ce lafiyarta lau. Sannan ya jefa mata tambayarsa: ina ƙashi ke zuwa?

Ta ce, "Baba, ƙashi ba dutse ba ne, rayayye ne. Akwai wasu 'yan halittu a cikinsa da ido ba ya gani. Wasu aikinsu su cinye tsohon ƙashi, wasu su bi baya suna gina sabo. Haka ake yi har mutum ya mutu. In an karye, su ne ke haɗawa."

Kawu ya buga cinya. "Ashe 'yan aiki ne! Masu haƙa da masu cikewa. To ni duk shekarun nan me nake yi?"

"Kai kana riƙe musu wurin ne, Baba, su yi aikinsu."

"Gadi ke nan. Gurgu, ka ji, kawunka mai gadi ne."

Ta ce masa haɓar tasa kuwa, in haƙori ya fita, ƙashin da ke riƙe da shi ba shi da sauran aiki, sai masu ci su kwashe shi a hankali. Kawu ya shafa haɓarsa. Lokacin ba a daɗe da rufe ɗaya daga cikin ramukan ba, gidaje da yawa a Akokan an sa musu kwaɗo. Ya ce, "Na gane wannan. Na gan shi a unguwa."

Sai ya matso. "To 'yata, a garin nan masu ci sun fi masu gini yawa ne? Ƙurar rami ce? Ruwa ne?"

Ta ce, "Ban sani ba, Baba. Abin da ya kawo ni ke nan. Wataƙila ƙura, wataƙila ruwa, wataƙila rashin abinci mai kyau da tsufa ne kawai. Haƙori ba ya rushewa ya sake ginuwa kamar sauran ƙashi, shi ya sa yake riƙe abin da ya shige shi. In mun duba, mai yiwuwa mu ga wani abu. Mai yiwuwa kuma mu duba mu ga babu komai."

Bayan ta tafi ya ce mini, "Tun da na zo garin nan, yau na fara jin mai farar riga ya ce ban sani ba. Wannan za a iya ba ta amana."

Bai ba ta ranar ba. Ta gaya masa gaskiya cewa haƙoran ba za su dawo yadda suke ba, za a yanka wasu, a niƙa wasu. Wannan ya tsaya masa. Ya yi kwanaki yana fito da gwangwanin yana mayarwa. Na ce ya tambayi liman mana. Ya ce, "In na tambaya ya ce a'a fa? Sai in zama mai saɓo da gangan. Bar ni da Ubangijina. Wanda ya tsiro mini da su ina jariri babu ko ɗaya, ba zai rasa inda suke ba ranar tashi." Na ce to ya gaya wa ɗansa a waya. Ya ce, "Zai ce na ruɗe. In ya zo na gaya masa baki da baki." Bai zo ba sai da bakin ya rufe.

Ana gobe za ta koma, ya sa na ɗauko ta. Ya shimfiɗa ƙyallen a tabarma, ya jera su, yana gaya mata wannan ya fita ina cikin rami, wannan bayan na bari, wannan jaki ne ya harbe ni, kada ki ɗora wa kowa laifinsa. Ta yi dariya har da hawaye. Ya tura mata da hannunsa ya ce, "Ki tambaye su. In sun ba ki amsa ina raye, ki aiko. In na tafi, ki gaya wa masu sauran haƙori." Inna na zaune bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, ta ga komai.

Shi ya sa bayan an share makoki na je wurinta. Tana takaba, ta bayan labule muka yi magana. Na ce, "Inna, kin gani da idonki. Ki faɗa masa."  Ta ce, "Ɗan nan, ka yi haƙuri. Na gwada, ya ce tsufa ne ke damuna ni ma. Yanzu a hannunsa nake, Yamai zai tafi da ni in na fita. Kada ka sa ni tsakaninku." Ban ga laifinta ba. Na dai fito na hau moto na yi ta tafiya har mai ya kusa ƙarewa.

Sai na ji abin da ya fi zagin zafi. Wai ɗan ya ce da ya koma Yamai zai bi ta manyan da ya sani, a karɓo haƙoran daga hannun likitar ko an yanka ko ba a yanka ba, ya kawo ya tona gefen kabari ya zuba. Kuma zai iya, irinsu waya ɗaya suke bugawa. Wankan ya riga ya wuce, ba a maimaita shi. Amma tambayar da tsohon ya mutu da ita, ita ce za a binne.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya yafe masa ƙafata kamar yadda na yafe, ya tashe shi cikakke ko da gwangwani ko babu.

Ranar da ɗan zai tafi na same shi a tasha da safe, ana ɗaure kaya a kan mota. Yana tsaye da 'yan rakiya, har da wanda ya ce ya gan ni da likitar a moto. Da ya hango ni ya juya baya. Na zagaya na tsaya a gabansa.

"Ba ni da magana da kai," in ji shi.

Na ce, "Ni ina da ita, kuma gajera ce. Yaushe haƙorin ubanka na ƙarshe ya fita?"

Ya juya yana kallon masu ɗaure kaya.

Na ce, "Ba ka sani ba. Shekara da shekaru kana aiko masa da kilishi daga Yamai, mutumin da ko tuwo sai an sassauta masa. Ni nake daka shi a turmi har ya zama gari, in zuba masa a kunu, don in ka bugo waya ya ce maka ya ci, ya yi daɗi, Allah ya yi albarka. Ya hana ni gaya maka, wai kada ka ji kunya. To yau na gaya maka. Ka san maganar da ya yi maka da, ni na san wadda ya yi daga baya, don ina wurin. Ka ƙwace mini wankansa, ka ci wannan, Allah ya isa tsakanina da kai a kansa. Amma haƙoran nan ba naka ba ne, ba nawa ba ne, nasa ne, kuma ya aike su. In ka je ka karɓo su, kada ka ce wa mutane wasiyyar ubanka ka cika. Ka ce ubana ya yi tambaya, ni na toshe masa baki."